Ajiye aiki kafin shekara 65 a Amurka: COBRA, Obamacare, ko shiga inshorar abokin zama?

A Amurka mutum yana iya tara abin da zai ishe shi ci da sha da kuɗin gida har ƙarshen rayuwarsa, amma ya kasa ajiye aiki saboda inshorar lafiya. Yawancin ma'aikata a can ta wurin aikinsu suke samun inshora. Medicare kuwa, inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi da aka kafa a 1965, ba ta karɓar mutum sai ya cika shekara 65, in ban da masu naƙasa da waɗanda ciwon ƙoda ya kai su ga wankin jini. Fanshon gwamnatin tarayya da ake kira Social Security ana iya fara karɓarsa tun shekara 62, shi ya sa wasu ke ɗauka Medicare ma tare take zuwa. Ba tare take zuwa ba. Wanda ya ajiye aiki yana da shekara 58 yana da wata 84 a gabansa da zai nemo wa kansa inshora, kuma a daidai shekarun da ta fi tsada.

Ma'aikaci ba ya ganin ainihin farashin inshorarsa. Binciken da cibiyar KFF ta yi a 2024 ya nuna matsakaicin kuɗin inshorar wurin aiki ya kai dala 8,951 a shekara ga mutum ɗaya, dala 25,572 ga iyali. Abin da ake cirewa a albashin ma'aikaci kuwa dala 1,368 ne idan shi kaɗai ne, dala 6,296 idan da iyali. Kamfani ne ke cike ragowar. Wanda ya saba ganin ana cire masa ɗari da 'yan kai a wata, ranar da ya miƙa takardar ajiye aiki duk nauyin ya dawo kansa. Don haka kafin a yi maganar wace hanya ta fi, sai mutum ya fara tambayar ofishin kula da ma'aikata cikakken kuɗin inshorarsa, nasa da na kamfani a haɗe. Da wannan adadin za a auna komai.

COBRA ita ce hanya mafi sauƙin ganewa. Doka ce ta 1985 da ta tilasta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 20 ko fiye su bar wanda ya tafi ya ci gaba da inshorar da yake ciki, yawanci na wata 18, amma shi zai biya duka, da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. A kan matsakaicin farashin 2024, hakan na nufin kusan dala 760 a wata ga mutum ɗaya, kusan dala 2,170 ga iyali. Babu tallafin gwamnati a kai ko na sisi. Jihohi da dama suna da tasu dokar ga ƙananan kamfanoni, amma tsawon lokacin ya bambanta.

Abin da kuɗin nan yake saya shi ne rashin canji. Likitanka bai canza ba, asibitinka bai canza ba, magungunan da inshora ta amince da su suna nan yadda suke. Ga mai ciwon suga da ya shekara goma da likita ɗaya, ko wadda ke tsakiyar maganin kansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma maganar kason farko, wato kuɗin da mutum ke biya daga aljihunsa a kowace shekara kafin inshora ta fara ɗaukar nauyi. Idan an yi maka tiyata a watan Maris ka cika wannan kason, sannan ka ajiye aiki a Yuni, COBRA za ta ci gaba daga inda lissafi ya tsaya. Sabuwar inshora kuwa daga sifili za ta fara ƙirga maka.

Sai wani sassauci da mutane da yawa ba su sani ba. Doka ta ba mutum kwana 60 ya yanke shawarar shiga COBRA, sannan kwana 45 bayan ya shiga kafin ya biya kuɗin farko, kuma inshorar tana komawa baya ta rufe tun ranar da ta aikin ta ƙare. Wanda giɓinsa wata ɗaya ne ko biyu yana iya ajiye takardun a cike ba tare da ya aika ba. Idan lafiya ƙalau, bai biya komai ba. Idan wani abu ya faru, ya aika ya biya duk watannin da suka wuce. Dabara ce mai kyau, amma tana son mai kula da ranaku, kuma tana son wani a gida ya san inda takardun suke, don mai kwance a asibiti ba ya cike fom.

Matsalar COBRA wata 18 ne. Idan ka ajiye aiki kana da shekara 63 da rabi, ta kai ka bakin Medicare. Idan kana da 57, ta sauke ka a tsakiyar hanya. Idan kuma kamfanin ya rufe ko ya daina bai wa ma'aikatansa inshora gaba ɗaya, taka ma ta tafi.

Kasuwar Obamacare, inda mutum ke sayen inshora da kansa ba ta wurin aiki ba, ita ce wurin da yawancin masu ritayar wuri ke ƙarewa, kuma nan ne lissafin yake da daɗi da kuma haɗari. Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar a watan Maris na 2010, kasuwannin suka fara aiki a 2014. Ana saye ta shafin HealthCare.gov, ko ta shafin jiha a wuraren da ke da nasu, kamar Covered California a Kalifoniya. Kafin wannan doka, ɗan shekara 60 mai hawan jini da suga yana iya zagaye kamfanoni kowa ya ƙi shi. Yanzu ba a isa a ƙi mutum ko a ƙara masa kuɗi saboda ciwon da ya zo da shi ba. Abin da aka yarda a duba shi ne shekaru, da wurin zama, da shan taba. Ɗan shekara 64 ana iya cajinsa har ninki uku na ɗan shekara 21. Mai shan taba ana iya ƙara masa har rabin kuɗin a jihohi da yawa, kuma tallafi ba ya rufe wannan ƙarin. New York da Vermont ne suka hana bambanta farashi saboda shekaru.

A nan ne bambanci na farko da COBRA yake. A inshorar kamfani, yawanci ɗan shekara 62 da ɗan shekara 30 kuɗi ɗaya ake rubuta musu, don ana raba nauyin a kan dukkan ma'aikata. A kasuwa kowa da farashin shekarunsa. Saboda haka idan babu tallafi, sau da yawa COBRA ta fi araha ga wanda ya haura 60, kuma jerin likitocinta ya fi faɗi. Inshorar kasuwa da yawa tana ɗaure mutum da asibitocin yankinsa kawai, in ban da na gaggawa. Wanda ke mafarkin yin ritaya ya riƙa yawo tsakanin jihohi wurin 'ya'ya da jikoki ya karanta wannan sashen da kyau kafin ya sa hannu.

Idan akwai tallafi, labarin ya juya. Inshorar kasuwa tana da matakai irin su Bronze, Silver da Gold. Gwamnati tana duba farashin inshorar matakin Silver ta biyu a araha a yankinka, ta ce kai ka biya wani kaso na kuɗin shigarka, ita ta cika ragowar. Ba a tambayar nawa ka tara. Mai dala miliyan ɗaya a ajiye da wanda ba shi da ko kwabo, idan kuɗin da ya shigo musu a takardar haraji ta wannan shekarar ɗaya ne, tallafinsu ɗaya ne. Kuma da yake farashin tsofaffi ya fi yawa, tallafinsu ma ya fi yawa.

Asalin dokar ta ba da tallafi ne ga masu samun daga kashi 100 zuwa kashi 400 cikin 100 na layin talauci na tarayya, wato adadin kuɗin shiga na shekara da gwamnati ke ɗaukar wanda bai kai shi ba a matsayin talaka. A 2025 layin ya kasance dala 15,650 ga mutum ɗaya, dala 21,150 ga mutum biyu, wato iyakar sama dala 62,600 ke nan da dala 84,600. A 2021 majalisa ta ɗage wannan iyakar na wucin gadi, ta ce kada kowa ya biya fiye da kashi 8.5 na kuɗin shigarsa, a 2022 kuma ta tsawaita sassaucin zuwa ƙarshen 2025. Wanda ke tsara shekara biyar ko bakwai bai kamata ya jingina da sassaucin da ake sabuntawa da ƙuri'a ba. Ya yi lissafinsa a kan asalin dokar, idan an samu ƙari ya zama riba.

Ga yadda iyakar take cizo. A ɗauka miji mai shekara 62 da mata mai 60, a ce farashin Silver ɗin da ake aunawa da ita a yankinsu dala 2,000 ne a wata, wato 24,000 a shekara. Misali ne kawai, ainihin farashin ya danganta da gunduma. Idan kuɗin shigarsu dala 84,000 ne, nasu kason kusan kashi 10 ne, wajen dala 8,400, gwamnati ta biya wajen 15,600. Idan ya zama dala 85,000, tallafin ya tafi duka, su biya 24,000. Ƙarin dala dubu ɗaya ya jawo musu asarar sama da dubu goma sha biyar. Kuma ba a sani sai daga baya, don ana ba da tallafin ne a kan abin da mutum ya ƙiyasta, sai lokacin haraji a cike fom mai lamba 8962 a kwatanta da abin da ya shigo a zahiri. Wanda ya tsallake iyaka zai mayar da duk abin da aka biya masa. 'Yar ribar da wani asusun hannun jari ya raba a watan Disamba ta isa ta tsallakar da mutum.

Shi ya sa nake ganin babbar tambayar mai ritayar wuri ba wace inshora ba ce, daga wane asusu zai riƙa cin abinci. Kuɗin da ka cira daga 401(k), asusun ritaya na wurin aiki, ko IRA na gargajiya, asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa, ana ƙirga shi duka a matsayin kuɗin shiga. Fansho ma haka, ribar kuɗin haya da ka karɓa ma haka, ribar banki ma haka. Idan ka sayar da hannun jari, ribar kawai ake ƙirgawa, ba uwar kuɗin ba. Kuɗin da ke zaune a asusun ajiya na banki, wanda an riga an biya harajinsa, ba a ƙirga shi ko ka kwashe shi duka. Abin da ka cira bisa ƙa'ida daga Roth, asusun ritaya da ake zuba wa kuɗin da aka riga aka biya harajinsa, shi ma ba a ƙirgawa. Iyali biyu suna iya kashe dala 90,000 kowannensu a shekara, ɗaya ya rubuta 90,000 a haraji saboda duk daga 401(k) ya ciro, ɗaya ya rubuta 50,000 saboda ya gauraya da tsabar ajiya da Roth. Rayuwa iri ɗaya, amma na biyun ne ke samun tallafi. Wannan shiri ba a yin sa a watan ritaya. Shekara uku ko huɗu kafin nan ake fara ware tsabar kuɗi.

Social Security ma yana da tarkonsa. A lissafin tallafin ana ƙirga shi duka, har da ɓangaren da ba a biya masa haraji. Wanda ya fara karɓa a 62 don ya biya inshora ya rage wa kansa fanshon da har kashi 30 cikin 100 na dindindin idan an haife shi a 1960 ko bayan haka, sannan ya ɗaga kuɗin shigarsa ya rage tallafinsa. Asara biyu ke nan. Ga waɗanda ba su kai 59 da rabi ba kuma, cire kuɗi daga asusun ritaya yana da tarar kashi 10, sai dai wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta yana iya ci daga 401(k) na wannan kamfanin ba tara. Idan ya yi gaggawar mayar da kuɗin cikin IRA, ya rasa wannan damar.

A cikin kasuwar ma akwai zaɓi. Bronze tana ɗaukar kusan kashi 60 na kuɗin magani a matsakaici, Silver 70, Gold 80. Mai ƙoshin lafiya da ke da ajiya yakan ɗauki Bronze, ya biya kaɗan a wata, ya yarda da babban kason farko. Ba laifi, muddin ya ware kuɗin shekarar da abubuwa za su lalace. Doka ta sa iyaka ga abin da mutum zai kashe daga aljihu a asibitocin da ke cikin jerin inshorarsa, a 2025 dala 9,200 ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali. Kwatancen gaskiya shi ne a haɗa kuɗin wata goma sha biyu da wannan iyakar, a ga ko aljihu zai iya ɗauka shekara biyu a jere, don ciwo mai tsanani ba ya duba cewa Janairu ta zo an sake lissafi. Wanda kuɗin shigarsa bai wuce kashi 250 na layin talauci ba kuwa, Silver ce tasa, don a kanta kawai ake ba da ragin kason farko. Ƙasa da kashi 200, wato dala 42,300 ga ma'aurata a lissafin 2025, Silver ɗin tana ɗaukar kusan kashi 87, ta zarce Gold. Ƙasa da kashi 150 ta kai 94. Mutumin da ke wannan matakin ya ɗauki Bronze don ya ga ta fi araha a wata, ya bar kuɗi a ƙasa.

Sauka ƙasa da yawa ma matsala ce. A jihohi 40 da birnin Washington da suka faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, wanda ke ƙasa da kashi 138 na layin talauci ana tura shi can. Kusan kyauta ce, amma ba kowane likita ke karɓarta ba, wasu jihohi suna bin gādon wanda ya ci moriyarta bayan ya cika 55, kuma dokar da aka zartar a watan Yuli na 2025 ta ɗora sharaɗin aikin awa 80 a wata a kan yawancin manya 'yan ƙasa da 65 daga 2027, abin da ya yi hannun riga da ritaya. Yawancin masu katin zama na dindindin sai sun shekara biyar kafin su cancanta. A jihohin da ba su faɗaɗa ba, kamar Texas da Florida, wanda ya sauka ƙasa da layin talauci bai samu Medicaid ba, bai samu tallafi ba. A irin wannan wuri mai ritaya yakan ƙirƙiri kuɗin shiga da gangan, ya mayar da wani kaso daga IRA zuwa Roth don ya haura layin.

Hanya ta uku ba ta buƙatar dogon bayani. Idan miji ko mata na ci gaba da aiki a wurin da ke ba da inshora, a shiga tasu. Kusan kullum ita ce mafi araha, tunda kamfani yana ɗaukar kaso. Kwana 30 kawai ake da su daga ranar da tsohuwar inshora ta ƙare, rabin wa'adin kwana 60 na shiga kasuwa, a kula. A kuma sani cewa idan inshorar abokin zama ta shiga abin da doka ke kira mai sauƙin biya, ƙofar tallafin kasuwa ta rufe ko da mutum bai shiga ba. Wasu kamfanoni suna ƙara kuɗi a kan miji ko mata, amma ko da ƙarin, da wuya ta kai COBRA. Ainihin farashin wannan hanya ba a takarda yake ba. Mutum ɗaya zai ci gaba da fita da asuba shekara biyar don ɗayan ya huta, kuma gara a yi wannan maganar a fili tun kafin a fara.

Inshorar 'yan fansho daga tsohon wurin aiki ta zama sai mai rabo. A 1988 kusan kashi biyu cikin uku na manyan kamfanonin da ke ba da inshora suna ci gaba da bai wa waɗanda suka yi ritaya, yanzu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ta fi yawa a aikin gwamnati da wuraren da ƙungiyar ƙwadago ke da ƙarfi. Ma'aikacin tarayya yana tafiya da inshorar FEHB idan ya kasance a cikinta shekara biyar a jere kafin ritaya kuma ya tafi da fanshon nan take. Wanda ya rage masa wata takwas ya cika wannan sharaɗin ya ajiye aiki, ya yi wa kansa. Tsofaffin sojoji da suka cika shekarun aiki suna da inshorar TRICARE. Wasu kuma sukan nemi ƙaramin aiki don inshora kawai. Doka ta ɗauki awa 30 a mako a matsayin cikakken aiki a kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye, wasu kamar Starbucks suna bayarwa daga awa 20. Ana iya yi, amma tsayuwar awa 20 a mako ga mai shekara 61 da ciwon gwiwa ba ritaya ba ce.

Sai masu arahar da ke kai mutum ga kuka. Inshorar gajeren lokaci tana iya ƙin ciwon da ka zo da shi, ta kuma sa iyaka ga abin da za ta biya. Ƙungiyoyin raba kuɗin magani na addini ba inshora ba ne, doka ba ta tilasta musu biyan ko sisi. Araha ba ta ado, balle ga wanda ya haura 55. Zama babu inshora kuma, tarar tarayya ta koma sifili tun 2019, ko da yake Kalifoniya da Massachusetts da New Jersey suna da tasu tarar. Ba tarar ce abin tsoro ba. Bugun zuciya ɗaya ya isa ya cinye ajiyar shekara ashirin.

Waɗanda suka zo Amurka daga wata ƙasa suna da ƙarin zaɓi, su koma gida su zauna har 65. Magani na iya yin araha, amma inshorar kasuwa ta mazauna Amurka ce, Medicare kuma, in ban da 'yan yanayi kaɗan, ba ta biyan magani a ƙasar waje. Abin da ya fi muhimmanci su duba kafin su ajiye aiki shi ne ko sun cika maki 40 na Social Security, wato kusan shekara goma na aikin da aka biya wa haraji. Wanda ya cika, ko abokin zamansa ya cika, sashen asibiti na Medicare kyauta ne a gare shi. Wanda bai cika ba sai ya saya, a 2025 har dala 518 a wata, ko 285 idan makinsa ya kai 30. Wanda ya zo yana da shekara 50 ya yi aikin shekara tara, ƙarin shekara ɗaya a bakin aiki ta fi duk wata dabara da ke cikin wannan rubutu.

Idan aka ɗora hanyoyin a kan sikeli, ni ga yadda nake gani. Akwai abokin zama mai inshorar aiki ko inshorar 'yan fansho mai kyau, magana ta ƙare. Saura wata 18 ko ƙasa ga 65, ko ana tsakiyar magani, ko kuɗin shiga ba zai taɓa sauka ƙasa da iyakar tallafi ba saboda babban fansho, COBRA ce gaba. Saura shekaru da yawa kuma mutum yana iya juya inda yake ciro kuɗi, kasuwa ce, ba ma kusa ba. Mafi wahala shi ne mai shekara 58 da duk dukiyarsa ke cikin 401(k) kuma gidansa na cin fiye da iyakar. Shi zai biya cikakken farashi shekara bakwai, farashin kuma yana hawa da kowace shekarar da ya ƙara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya ƙara shekara ɗaya ko biyu yana aiki, yana zuba rarar a tsabar ajiya.

Sau da yawa ma haɗa biyun ne ya fi. Tallafi yana bin kuɗin shigar shekara ne daga Janairu zuwa Disamba. Wanda ya ajiye aiki a Satumba yana ɗauke da albashin wata tara, da kuɗin sallama, da kuɗin hutun da bai ci ba, da wuya ya samu tallafi a wannan shekarar. Sai ya riƙe COBRA wata uku, ya yi rajista a kasuwa idan an buɗe ta ranar 1 ga Nuwamba, ya fara sabuwar inshora a Janairu da sabon lissafi. Abin kiyayewa shi ne ƙofar fita. Rasa inshorar aiki yana ba da kwana 60 na shiga kasuwa, ƙarewar wata 18 na COBRA ma haka. Amma wanda ya gaji da tsada ya daina biyan COBRA da kansa a watan Afrilu ba shi da wata ƙofa, sai ya jira ƙarshen shekara ba inshora. Mai asusun HSA, wato asusun ajiyar kuɗin magani, kuma ya san cewa yana iya biyan COBRA daga ciki ba haraji, amma ba a yarda ya biya kuɗin watan inshorar kasuwa da shi ba, sai idan yana karɓar kuɗin rashin aiki.

Ma'aurata su ƙirga watanni da shekarun ƙaramin cikinsu. Medicare ta mutum ɗaya ce, ba ta ɗaukar mata ko 'ya'ya. Miji mai 63 da mata mai 56 giɓinsu shekara tara ne, ba biyu ba. Ranar da mijin ya koma Medicare, ana ci gaba da auna tallafin matar da kuɗin shigar gidan duka, amma a kan farashinta ita kaɗai, don haka tallafin ya ragu sosai, ga kuma sabon kuɗin Medicare, wanda sashen ganin likita kawai dala 185 ne a wata a 2025. Kuma sai sun cike haraji tare kafin su samu tallafin tun farko.

Isowa 65 ma sai da lura. Wa'adin rajistar Medicare wata bakwai ne, uku kafin watan haihuwa, watan kansa, da uku bayansa. Wanda ke kan inshorar kasuwa ya yi rajista da wuri ya rufe waccan, don tallafi yana tsayawa da zarar ya cancanci Medicare ta kyauta. Wanda ke kan COBRA ne ya fi faɗawa rami, yana ganin tunda yana da inshora zai iya jira ta ƙare. Medicare ba ta ɗaukar COBRA a matsayin inshorar mai aiki. Wanda ya makara ana ƙara masa kashi 10 a kan kuɗin sashen ganin likita saboda kowace cikakkiyar shekara da ya jinkirta, kuma ƙarin na har abada ne. Sannan Medicare tana duba harajin shekara biyu baya don ta sanya farashi. A 2025 wanda ya haura dala 106,000, ko ma'auratan da suka haura 212,000, sun biya ƙari. Saboda haka sayar da gidan haya ko cire babban kuɗi daga IRA a shekara 63 yana dawowa a takardar Medicare a 65. Idan albashin da aka riga aka bari ne ya jawo ƙarin, ana cike fom SSA-44 a nuna an yi ritaya don a sake lissafi. Ribar sayar da kadara ba ta cikin dalilan da fom ɗin ke karɓa.